Kwana Uku a Saman Siton Auduga

Tun da na dawo daga Amurka, duk wanda ya tare ni a ƙofar masallaci ko a kasuwa sai ya ce, "Malam, ina tsarabarmu?" To, turare da agogo ba za su isa kowa ba, saboda haka ga tsarabar nan na kawo maku a rubuce, kowa ya ɗebi rabonsa.

A watan Oktoba na 2023 ne ni da mai ɗakina muka tashi daga Kumasi, muka bi ta Ankara, muka tafi ganin ɗanmu da iyalinsa a birnin Atlanta, cikin jihar Jojiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, kun san al'ada. Sana'arsa tuƙin babbar mota, yana ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta wani gari da ake kira Sabana, yana kaiwa cikin ƙasa. Bayan mun yi mako biyu muna zaune a gida kamar kajin da aka kulle, sai ya ce, "Baba, shekara shida ke nan ina zuwa garin nan, ban taɓa ganin komai ba sai ƙofar tasha. Ku shirya mu je mu kwana uku, ni ma in gan shi da idon baƙo."

Tsakanin Atlanta da Sabana wajen kilomita 400 ne, tafiyar awa huɗu a mota. Muna cikin tafiya na tambaye shi, "To, gidan wa za mu sauka?" Ya yi dariya, ya ɗaga wayarsa ya ce gidan yana cikin nan. Wato ya kama mana haya ta intanet, ta hannun irin kamfanonin nan da ke haɗa masu gidaje da matafiya. Bai taɓa ganin mai gidan ba, bai san ko namiji ne ko mace ba.

Masauki ba mai masauki

Mun isa da la'asar. Muka ajiye mota a wani gareji na kuɗi, muka ja akwatunanmu ta wani babban titi mai suna Bay, muka haye wata 'yar gada ta ƙarfe, sai ga mu a gaban wata ƙofa baƙa. Na tsaya na gyara murya zan yi sallama, sai jikata, 'yar shekara tara wadda nake kira amaryata, ta wuce gabana ta danna wasu lambobi a jikin ƙofar. Ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Ba wanda ya ce maraba, ba wanda ya kawo ruwa.

Abin ya tsaya mani a rai, domin mu mutanen zango ne. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke sauka ya huta. Kakanninmu fataken goro, idan sun iso Salaga ko Kumasi, kowa yana da maigidansa: shi zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in rigima ta tashi ya tsaya masa. A kan wannan amana aka gina unguwanninmu. Ga shi yau na zo garin da ake ba baƙo ɗaki ba tare da an ga fuskarsa ba. Lamba ce maigida, lamba ce kuma mabuɗi.

Irin wannan ɗaki su suna kiransa lof. Asalinsa ba gidan zama ba ne, saman sito ne ko tsohuwar masana'anta da aka gyara. Namu ɗaki ɗaya ne ƙato, ya kai girman ƙaramin masallacin unguwa, rufinsa da nisa ƙwarai. Manyan gungumen katako sun gitta daga bango zuwa bango, sun yi baƙi don tsufa. Bangon jan bulo ne tsirara. Tagogi uku dogaye suna kallon kogi. A gefe guda akwai wurin girki da murhun lantarki da firji da tukwane, a wani gefen an ɗaga wani dandamali an sa gado a kai, sai an hau matakalar ƙarfe mai murɗewa kafin a kai gare shi. A saman taga ta tsakiya har yanzu akwai wani tsohon ƙugiyar ƙarfe da aka bari don ado.

Hajiya ta dubi bango, ta dubi rufi, ta ce, "Malam, an cuci yaron nan. Gidan ma ba a gama shi ba, ko shafe ba a yi masa ba."

Ɗanmu ya ce, "Mma, ai rashin shafen nan shi ake saye."

Ya ƙi gaya mani nawa ya biya, sai da na ga takardar a wayarsa. Bayan kuɗin kwana akwai kuɗin shara, akwai haraji, ga kuɗin ajiye mota daban. Da na juya shi zuwa sidi a kaina, sai na ga ya isa hayar ciki da falo ta shekara guda a unguwarmu. Na yi shiru, domin ba a raina kyautar ɗa.

Abin da ya sa aka gina shi haka

Washegari na leƙa ta taga na gane wani abin mamaki. Ta ƙofar da muka shigo, ginin bai fi hawa biyu ba, amma ta wajen kogi hawa biyar ne. Dalili shi ne garin yana kan wani tudu mai tsayin kusan ƙafa 40 daga bakin ruwa. A kan tudun nan wani Baturen Ingila, James Oglethorpe, ya sauka da mutane ɗari da 'yan kai a watan Fabrairu na 1733, ya yi yarjejeniya da Tomochichi, sarkin mutanen Yamacraw da ya tarar a wurin, ya kafa gari. Daga baya aka jera sito-sito a jikin tudun: ƙasan yana buɗewa ga jirage, saman yana buɗewa ga gari.

Auduga ce ta gina su. A 1793 wani mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a wata gona kusa da Sabana, daga nan noman auduga ya bazu a kudancin Amurka, tashar Sabana ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ake fitar da ita zuwa masaƙun Ingila. Diloli na kwana a ƙasa, dillalai na zaune a sama. Waɗannan 'yan gadojin ƙarfe irin wadda muka haye, a kansu dillali ke tsayawa ya leƙa amalanken auduga na wucewa ta ƙarƙashinsa, ya duba kaya, ya sa farashi. Babban zauren cinikinsu na jan bulo, wanda aka gama a 1887, yana nan tsaye, 'yan taku kaɗan daga masaukinmu.

Hanyoyin da ke gangarawa daga tudun zuwa bakin kogi an shimfiɗe su da wasu duwatsu mulmulallu, masu wuyar takawa. Yankin ƙasar yashi ce, ba ta da irin wannan dutse. Jiragen da ke zuwa ɗaukar kaya ne ke cika cikinsu da duwatsu don su yi nauyi kada iska ta kifar da su, in sun iso su zubar, su loda auduga. Wato duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafarka baƙi ne kamar kai. Mai ciwon gwiwa ya kiyaye, kuma matakalan dutse da ke hawa tudun suna da tsayi ƙwarai. Hajiya sau ɗaya ta gwada ta ce ta yafe, muka riƙa neman lif na jama'a da ke kusa da ofishin magajin gari.

Dare a bakin kogi

A tallan gidan an rubuta cewa yana kusa da wuraren cin abinci da na shaƙatawa. Ɗana ya karanta rabin farko, bai kula da rabi na biyu ba. Ƙasan gininmu mashaya ce, na kusa da shi ma haka. Da rana titin bakin kogi na iyali ne: masu sayar da alewa, masu saƙa furanni da ganyen kaba, masu busa ƙaho, yara na gudu. Amma daga ƙarfe tara na dare sai gari ya sake riga. Wanda ya san titin Oxford na Osu a watan Disamba ya ɗan san abin da nake nufi.

A yawancin garuruwan Amurka doka ta hana mutum yawo a titi da giya a buɗe. A tsohon garin Sabana an yarda, muddin a kofi take, ba a kwalba ba. Saboda haka mashayar ba ta tsaya a cikin ɗaki ba, titin duka ya zama mashaya. Na ga wata irin doguwar keke mai ɗaukar mutum fiye da goma, suna zaune fuska da fuska suna tuƙawa da ƙafa suna waƙa. Na ga tsohuwar motar ɗaukar gawa an yanke rufinta an sa kujeru, ana zagayawa da mutane cikin dare ana nuna masu gidajen da wai akwai fatalwa, suna biyan kuɗi don a tsorata su. Na ce Allah mai iko, mu muna biyan malam ya kore su, su kuwa suna biya a kai su wurinsu.

Abin dariya a nan shi ne, waɗanda suka kafa garin sun haramta barasa mai ƙarfi tun farko, suka kuma haramta bauta a 1735. Dokar barasa ba ta kai shekara goma ba aka janye ta. Ta bauta ma aka soke ta daga farkon 1751, saboda masu gonaki sun ga maƙwabtansu na Karolina suna kuɗancewa da shinkafar da bayi ke nomawa.

Daren farko ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku, lokacin da aka rufe mashayun. Ganga na shigowa ta katakon daɓe, har kofin da ke kan tebur yana rawa. Na tashi na zauna bakin taga ina jan carbi, raina a ɓace. Can sai na ga fitilun tsallaken kogi sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, kamar ana jan labule. Ashe jirgin kwantena ne ke wucewa, tsayinsa ya fi gininmu, ba ya ƙara sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa, ya nufi tasha ta ƙarƙashin babbar gadar Talmadge. Na daɗe ina jira kafin ƙarshensa ya wuce. Ɗana ya farka ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Baba, abincinmu ke nan yake wucewa." A nan fushina ya sauka. Yaron da na yi wa faɗa shekaru don ya bar makaranta ya kama tuƙi, ga shi ya kwantar da ni a bene ina kallon aikinsa daga sama.

A wannan watan alfijir ba ya ketowa can sai bayan ƙarfe shida. Alƙibla kuwa arewa maso gabas take, wayar jikata ce ta nuna mana. Bayan salla na sauka titi. Ba kowa sai masu wanke hanya da tiyo da masu kwashe shara, sai tsuntsayen teku. A wannan sa'a garin ya fi kyau.

Abinci

Wanda ya tashi a zango ba zai yi baƙunta a teburin Sabana ba. Suna da wata jar shinkafa da ake dafawa da tumatir, 'yar'uwar jalof ce ba ko shakka. Suna da miyar kuɓewa. Suna da tsakin masara da ake damawa da kauri a zuba masa jatan lande a kai. Suna yin wani ɗan biskit da riɗi. Duk waɗannan hannun mutanen da aka kwaso daga yankinmu na Afirka ta Yamma ne, waɗanda suka zo da sanin noman shinkafa da girkinta.

Amma a yi hattara, domin girkin kudancin Amurka yana son naman alade, kuma ba a faɗa sai an tambaya. Ana sa shi a jar shinkafar, ana sa shi a ganye, ana sa shi a wake, wani lokaci har a tsakin masarar. Tambaya ba abin kunya ba ne a can, masu kawo abinci sun saba, za su shiga su tambayo mai girki. Mu dai kifi da jatan lande muka fi ci. Kuma a tuna da ladan mai kawo abinci, wanda aka saba bayarwa kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin abin da aka ci, domin da shi suke rayuwa.

Akwai wani gidan abinci da ɗana ya nuna mana daga waje, sunansa The Grey. Tsohuwar tashar motocin safa ce da aka gina a 1938, a zamanin da baƙar fata ke da ɗakin jiransu daban, da ƙofarsu daban. An gyara ta ta zama gidan abinci a 2014, kuma shugabar girkin wurin, Mashama Bailey, baƙar fata ce, wadda a 2022 aka ba ta babbar kyautar gwanayen girki ta ƙasar. Ginin da dā kakanninta ba za su shiga ta ƙofar gaba ba, yau sai an yi rajista tun da wuri kafin a samu kujera a ci abincinta.

Mai masaukinmu ta gaskiya

Safiya ta biyu Hajiya ta ce ta gaji da burodi, za ta soya ƙosai da waken da ta taho da shi daga Atlanta. Mai ya yi zafi, hayaƙi ya ɗan tashi, sai wani abu a rufi ya fara ihu kamar ana yanka shi. Muka rikice. Rufin ya yi nisa, ba mai iya kai hannu. Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga wata mata baƙar fata, za ta kai shekara sittin, da tsintsiya da bokiti. Ba ta ce komai ba, ta wangale tagogi, ta ɗauki tawul ta yi ta kaɗawa har abin ya yi shiru. Ita ce mai share ɗakunan benen idan baƙi sun tashi.

Hajiya ta zaunar da ita, ta zuba mata ƙosai da shayi. Ba ta jin Turancinta, ita ma ba ta jin Hausa, amma suka yi ta hira, jikata na tafinta. A garin aka haife ta. Ta ce lokacin tana yarinya ba mai zuwa bakin kogin nan, gine-ginen duk a rufe suke, sai tantabaru da ɓeraye. Haka ne kuwa: ƙwaron auduga ya shigo Jojiya a 1915 ya lalata noman, ciniki ya mutu, sito-siton suka zama kufai, sai a 1977 aka gama gyaran bakin kogin aka mai da shi wurin yawon buɗe ido. Ta ce a dā danginta na zaune a cikin gari, tafiyar ƙafa ce zuwa nan. Yanzu haya ta kore su zuwa bayan gari, sai ta shiga bas kafin ta zo ta share ɗakunan da ba za ta iya kwana ɗaya a cikinsu ba. Ba da ɗaci ta faɗa ba, tana faɗa tana cin ƙosai.

Kafin ta fita ta kama hannun jikata, ta kai ta jikin bango, ta nuna mata wani bulo mai ɗan rami kamar wurin da yatsa ya danna tun yana ɗanye. Ta ce bayi ne ke buga bulon garin nan da hannu. Da yawa daga cikin tsofaffin gine-ginen Sabana an yi su ne da bulon da bayi suka gasa a wata gona mai suna Hermitage, a gefen kogin. Yarinyar ta sa yatsanta a ramin, ya shige daidai.

Tambayar amaryata

Ranar muka zagaya gari. Tsarinsa abin koyi ne: kowace unguwa da dandalinta a tsakiya, da manyan itatuwa masu wani irin gemu fari-fari yana reto daga rassansu, da kujerun hutawa. Dandali 24 aka yi tun asali, 22 sun rage. Muka shiga gidan Owens-Thomas, wanda aka gama a 1819, inda ake nuna wa baƙi ɗakunan masu gida da kuma ɗakunan bayinsu a bayan gida. Muka tsaya gaban gunkin tagulla da aka kafa a bakin kogi a 2002, na miji da mata da 'ya'ya biyu sun rungumi juna, sarƙa a tsinke a ƙafafunsu. A nan muka ji labarin abin da suke kira Lokacin Kuka: ranakun 2 da 3 ga Maris 1859, a wani filin sukuwa yamma da gari, wani mai gonaki, Pierce Butler, ya sayar da mutum fiye da 400, maza da mata da jarirai, don ya biya bashin da caca da asara suka jawo masa. Kwana biyun nan ruwan sama bai ɗauke ba.

Da dare, ganga ta fara a ƙasa, jikata ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Kaka, a makaranta an ce mutanen Afirka ne suka sayar da su. Mu ne?"

Jama'a, na so in ce mata Turawa ne kawai, mu kwanta. Amma na tuna Salaga. Duk ɗan zango ya san kasuwar Salaga ba ta goro kaɗai ba ce, an sayar da mutane a cikinta, rijiyoyin da ake yi masu wanka suna nan har yau, kuma fatakenmu suna cikin masu cinikin. Bayan yaƙin basasar 1892 ne suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara, zangunanmu suka cika. Na ce mata, "Amaryata, a cikin mutanenmu akwai waɗanda suka sayar, akwai waɗanda aka sayar. Duka biyun namu ne. Abin da ya rage mana shi ne kada mu ɓoye."

Sa'an nan na ba ta labarin Bilali Muhammad, wanda na karanta a wani littafi da na saya ranar. Mutumin Timbo ne a Futa Jalon, aka bautar da shi a tsibirin Sapelo, kudu da Sabana. Ya rasu wajen 1857, ya bar wani ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da haruffan Larabci, wanda yanzu ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya. Wani masanin harsuna, Joseph Greenberg, da ya je bincike Kano wajen 1939, ya nuna wa malaman can hoton shafukan. Saboda wuyar rubutun, da farko suka ce aikin aljannu ne. Daga baya aka gane batun alwala ne da kiran salla da salla, irin karatun da muke yi a Risala. Kuma da aka yi hira da jikokinsa a shekarun 1930, sun tuna kakanninsu mata na yin wani ɗan curin shinkafa mai zaƙi suna raba wa yara, suna kiransa saraka. Hajiya na jin haka ta ce, "Sadaka! Gumba ce, wallahi." Ta juya ta share ido da gefen mayafinta.

Abin da na ɗauko

Kyan tsohon garin Sabana ba da kansa ya tsira ba. A 1954 aka rushe tsohuwar kasuwar garin aka gina garejin motoci a wurin. Abin ya ƙona wa wasu mata bakwai rai, a 1955 suka haɗa kuɗi suka sayi wani tsohon gida mai suna Davenport da ake shirin rushewa, suka kafa ƙungiyar da ta yi ta ceton gidaje ɗaya bayan ɗaya. Garejin nan ma daga baya aka rushe shi, aka mai da dandalin a 2010. Mata bakwai, ba gwamnati ba.

Mu fa? Gidajen benen da attajiran goro suka gina a zangunan Kumasi da Ankara, masu barandar katako da zaure, nawa suka rage? Mai gida na rasuwa, magada su raba, a rushe, a jera shaguna. Da gidan ake rushe labarin wanda ya gina shi da baƙin da suka sauka a cikinsa. Jikokinmu da ke Amurka da Jamus, in sun zo neman asalinsu, bangon siminti za mu nuna masu?

Amma kuma kada mu manta da matar nan mai tsintsiya. Gyaran da zai kori mutanen unguwa don baƙi masu dala su samu wurin kwana, rabin gyara ne. Hukumar Sabana kanta ta ga haka, a 2017 ta ƙayyade cewa gidajen hayar 'yan kwanaki waɗanda masu su ba sa zaune a ciki kada su wuce kashi 20 cikin 100 na gidajen zama a kowace unguwa ta tsohon gari. Mu da muke fama da masu gida na neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta ce kada ya wuce na wata shida, mun san zafin abin tun kafin ya iso. In za mu gyara tsofaffin gidajenmu mu sauki baƙi, to, mu gyara muna ciki, maigida na zaure yana amsa sallama.

Ga wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ga 'yar shawara. Idan an rubuta cewa gida na kusa da wuraren shaƙatawa, a tambaya mene ne a ƙasansa, a nemi ɗakin da ba ya kallon titin. A tambaya ko akwai lif, in da tsofaffi a tafiyar. A duba jimlar kuɗi, ba kuɗin kwana kaɗai ba. A guji tsakiyar watan Maris, lokacin bikin Saint Patrick, domin garin na cika maƙil, kuɗin ɗaki na tashi. A shiga ƙaramin jirgin da ke ƙetare kogi, kyauta ne. Kuma kafin a ɗora mai a wuta, a buɗe taga.

Ranar da za mu tashi, doka ita ce a fita kafin ƙarfe goma sha ɗaya, a ja ƙofa ta kulle kanta. Ba wanda za a yi wa ban kwana. Hajiya ta ce ita ba za ta bar gida haka kamar ɓarauniya ba. Ta ƙulla goro biyar da ɗan turmin atamfa da ta zo da shi daga Kumasi, ta ajiye a kan tebur, ta sa jikarta ta rubuta a takarda cewa na mai masaukinmu ne, mun gode.